Tiyar da ake auna masu karatu da ita

Duk wanda ya bi diddigin alƙaluman da hukumomin duniya suka riƙa bugawa a kan yawan manyan da suka iya karatu da rubutu a ƙasar Nijar zai ci karo da abin ɗaure kai. A shekarar 2001 an ce kashi 14 ne cikin 100. A 2005 adadin ya haura zuwa kusan 29. Daga baya aka daɗe ana yawo da kashi 19 a matsayin ƙiyasin 2015, sai ga shi a 2018 an rubuta 35. Gaskiya ne makarantu sun ƙaru cikin waɗannan shekaru, kuma samarin da suka ratsa aji sun fi iyayensu yawa, amma babu al'ummar da za ta koyi karatu, ta manta shi, ta sake koyonsa cikin shekara 17. Abin da ya riƙa hawa da sauka shi ne ma'aunin. Matar da ta je sayen gero a babbar kasuwar Maraɗi, ko a kasuwar Dole ta Damagaram, ba ta fara ciniki sai ta dubi tiyar mai awo, ta ga zurfinta da yadda yake cika ta. Su kuwa waɗannan alƙaluma, karɓarsu ake yi ana maimaitawa cikin jawaban ranar 8 ga Satumba, ba tare da an tambayi da wace tiya aka auno su ba.

Hanya uku aka fi bi wajen samo su. Ta farko ita ce ta ƙidayar jama'a: ma'aikaci ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ko wane da wance sun iya karatu da rubutu, ya rubuta abin da aka gaya masa. Ba a miƙa wa kowa takarda, kuma sau da yawa matan da ake magana a kansu suna cikin gida, ba su ma san an yi ba. Ta biyu ita ce a ɗauki yawan shekarun da mutum ya yi a lakwal a matsayin shaida, a ce wanda ya kai aji kaza ai ya iya. Ta uku, wadda ta fi kusa da gaskiya, ita ce ta binciken lafiya da yawan al'umma da ake yi gida-gida, inda ake miƙa wa mutum ɗan kati mai ɗauke da gajeriyar jimla a ce ya karanta. A binciken 2012, mata 14 ne kawai cikin 100, daga masu shekara 15 zuwa 49, aka lissafa cikin masu karatu. Maza sun kusa ninka su uku. Sai dai ko a wannan bincike ba kowa aka gwada ba, domin a lokacin duk wanda ya ce ya shiga kwaleji ana sa shi cikin waɗanda suka iya ba tare da an nuna masa katin ba, kuma wanda ya karanta rabin jimlar ya tsaya, shi ma yana cikin lissafi. Ke nan hanya uku, tambaya uku ce daban-daban, amma amsarsu suna ɗaya aka ba ta.

Tushen duk wannan shi ne ma'anar da hukumar UNESCO ta tsayar a 1958, cewa mai karatu shi ne wanda zai iya karanta gajeren bayani mai sauƙi a kan rayuwarsa ta yau da kullum, ya fahimta, kuma ya iya rubuta irinsa. A 1978 aka faɗaɗa ta, aka ce sai mutum ya iya amfani da karatu da rubutu da lissafi wajen tafiyar da al'amuran kansa da na jama'arsa. Wanda ya natsu a kan waɗannan ma'anoni zai lura ba su ambaci wani harshe ba, ba su ambaci wasu baƙaƙe ba, ba su kuma ambaci makaranta ba. Aibinsu yana wani wuri: sun ja layi guda suka raba mutane gida biyu, waɗanda suka iya da waɗanda ba su iya ba, alhali karatu hawa-hawa ne, kuma mafi yawan mutanen karkara suna tsaye ne a wani mataki tsakanin gidajen biyu.

Sunan da aka ba abin da Hausa

Da ma'anar ta iso ƙasar Hausa sai ta gamu da wata matsalar ta daban, wato fassara. Abin da Faransawa ke kira da kalmar da ta samo asali daga sunan baƙaƙe, wanda ba ya nufin kome illa koya wa mutum abacada, shi ne aka kira "yaƙi da jahilci", sunan da ya bazu a Arewacin Nijeriya cikin shekarun 1950 ya kuma tsallako iyaka. Suna ne mai ƙarfi, ya dace da gangami da waƙar rediyo, amma ya zo da hukunci a cikinsa. Jahili a Hausa ba marar sanin baƙaƙe kaɗai ba ne. Mutum ne marar sani, marar tarbiyya, wanda bai san addininsa ba. Dattijon da ya sauke Alƙur'ani tun yana saurayi, yake rubuta bashin abokan cinikinsa da ajami a bayan ƙyauren shago, idan aka ce ya zo ajin yaƙi da jahilci an zage shi kafin a koya masa kome. Malaman ajin manya sun san irin wannan mutum: ko dai ya ƙi zuwa, ko ya turo ƙaninsa.

Ita kanta kalmar "karatu" tana da faɗi. Ana cewa yaro yana karatu alhali biya allonsa yake yi da ka. Ana cewa wane ya yi karatu ana nufin ya yi zurfi cikin ilimi. Ana cewa karanta mini wannan wasiƙa. Idan ma'aikacin ƙidaya, da wandonsa da takardunsa da bik a hannu, ya tambayi manomi ko ya iya karatu, abin da manomin zai ji shi ne boko, ko da takardar tambayar ta ce a kowane harshe. Sai ya amsa da a'a, don tawali'u ko don ya ɗauka nasa ba shi ake nema ba. Wani kuma ya amsa da i, don ya san fatiha da ƙananan surori, alhali ba ya iya haɗa baƙi biyu. Kuskuren yana tafiya ta fuska biyu, kuma babu wanda ya san wanne ya rinjayi wani.

Fallou Ngom, masanin harshe ɗan ƙasar Senegal mai koyarwa a Jami'ar Boston ta Amurka, ya sha ba da labarin yadda ya tarar da wata takarda cikin kayan mahaifinsa bayan rasuwarsa, rubuce da ajami, tana bayanin wani bashi da ake bin marigayin. Shi ɗan, da duk digirinsa, ya tashi yana ɗaukar mahaifinsa marar karatu ne, domin haka makarantar Faransa ta koya masa kallon abin. Daga wannan takarda ya shiga aikin tattara rubuce-rubucen ajami na Afirka ta Yamma. A Yamai ma, dubban rubutattun littattafai na larabci da ajami suna ajiye a cibiyar binciken IRSH, tarin da Bubu Hama ya fara haɗawa. A arewacin Tawa da Agadas kuma akwai Buzaye, musamman mata, da ke rubuta saƙo da baƙaƙen tifinag. Usaina Alidu, a littafinta na 2005 a kan matan Musulmi na Nijar, ta nuna yadda mace ɗaya ke iya ratsa rubutu iri biyu ko uku cikin yininta, alhali a takardun hukuma ba ta da ko ɗaya.

Abin da jarrabawa ta gani da abin da ta kasa gani

A cikin makaranta ma'aunin da aka gada shi ne jarrabawar ƙarshen firamare, wato satifika, wadda aka dakatar na wasu shekaru sannan aka maido da ita. Tsofaffin ɗalibai ba su manta da dikte ba, da dokar nan ta kuskure biyar sifiri. Ya kamata a tsaya a kan abin da dikte ke aunawa. A faransanci sautin "o" kaɗai ana rubuta shi da siffofi da dama, kuma ƙarshen kalmomi cike yake da baƙaƙen da ba a furtawa. Yaron da ya ci dikte ya nuna ya haddace ƙa'idojin rubutun wani harshe mai wuyar rubutawa. Wanda ya faɗi kuma ba a san ko karatu ne bai iya ba ko ƙa'idojin ne suka kayar da shi. An yi shekaru ana tace ƴaƴan mutane da wannan rariya, kuma da yawa daga waɗanda ta zubar sun koma gona da sunan ba su da kai.

Gwajin PASEC, wanda taron ministocin ilimi na ƙasashe masu amfani da faransanci ke shiryawa, ya fi wannan inganci nesa ba kusa ba, kuma wajibi ne a ba shi haƙƙinsa. A 2014, cikin ƙasashe 10 da aka gwada, ya nuna ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar waɗanda suka kai matakin da ake buƙata a karatu ba su kai 9 cikin 100 ba. A 2019 adadin ya tashi zuwa kusan 30. Wannan magana ce mai ɗaci, amma ba don gwaji irin wannan ba, da an ci gaba da murnar yawan yaran da aka rubuta a rajista, ana ƙirga kawuna a kan tebur ana kiran abin ci gaba. Duk mai sukar jarrabawa da ya manta da wannan bai yi adalci ba. Iyayen da suka sayar da akuya suka sayi kaye da alli suna da haƙƙin sanin cewa bayan shekara shida yaronsu ba ya iya karanta sakin layi guda.

Amma gwajin 2014 da faransanci aka yi shi, kuma a nan ne ya haɗa abu biyu ya auna su a tiya ɗaya: iya karatu da jin harshe. Yarinyar ƙauyen Tasawa da aka miƙa wa labari da faransanci ta kasa amsa tambayoyinsa, ko dai ba ta iya haɗa baƙaƙe ba, ko ta iya amma ba ta san ma'anar kalmomin ba. Cuta biyu ce, maganinsu ba ɗaya ba ne, kuma makin da ta samu bai bambanta su ba. Cikin wannan gwaji na 2014 akwai abin lura: ƙananan ɗaliban ƙasar Burundi, ɗaya daga cikin ƙasashe mafi talauci da suka shiga, su ne suka fi na kowa ƙoƙari, kuma da harshensu na Kirundi aka koya musu, da shi aka gwada su. Nijar ba ta buƙatar zuwa har Burundi don ta ji wannan. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yara ke fara karatu da Hausa kafin faransanci ya shigo, daga baya aka faɗaɗa zuwa zabarmanci, fulatanci, barbarci da buzanci. Binciken da aka yi a kan waɗannan makarantu wajajen 2000 ya nuna ɗalibansu sun fi fahimtar abin da suke karantawa, kuma faransancinsu bai gaza na sauran ba. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa. Duk da haka makarantun sun yi shekaru da dama suna amsa sunan na gwaji, kamar gwajin ba ya ƙarewa.

Akwai dalili na cikin harshe da ya sa haka. Karatu ba furta baƙaƙe ba ne kawai; mai karatu yana kawo harshen da ya sani ya cike abin da rubutu ya bari. Rubutun boko na Hausa ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na zama da "gari" na tuwo suke da siffa ɗaya a takarda, amma babu Bahaushen da zai rikita su cikin jimla. Yaron da ke karatu da harshen gidansu yana da wannan madogara a kowane layi. Wanda aka fara masa da harshen da bai taɓa ji ba sai a bakin mushe, yana furtawa ne a cikin duhu.

Wani ma'aunin da ya yaɗu tun daga 2006 shi ne na ƙirga kalmomin da yaro ke karantawa daidai cikin minti ɗaya. Yana da sauƙi, ba ya cin kuɗi da yawa, kuma yana saurin tona asirin ajin da ba a koyon kome. Haɗarinsa shi ne abin da ya zama makomar kowane ma'auni idan aka ɗaura masa lada da horo: malami ya koma koyar da sauri, yara su riƙa gudu a kan layi kamar masu tilawa, a samu adadi mai kyau a rasa fahimta.

Ma'aunin makarantar allo

Masu kare ajami sukan yi magana kamar da an lissafa almajirai da gardawa, da an wayi gari Nijar ta cika da masu karatu. Wannan ma zuƙi ne, kuma ba ya taimakon ajamin. Makarantar allo tana da nata matakai, tsararru kuma sanannu: babbaƙu, farfaru, haɗa baƙi, sauka, hadda, har zuwa rubuta Alƙur'ani da ka. Tana da nata laƙabobi, daga kolo da titibiri zuwa gardi, alaramma da gwani. Gwajinta a bainar jama'a ake yin sa, gaban malaman da ba sa barin wasali ɗaya ya wuce, kuma ta wannan fuska ya fi jarrabawar boko wuyar maguɗi. Amma abin da take aunawa shi ne kiyaye nassi da furta shi da kwafe shi daidai, domin wannan ne manufarta. Ba ta yi alƙawarin cewa wanda ya sauke zai fahimci larabci ba, kuma ba ta koyar da rubuta wasiƙar Hausa a matsayin darasi. Wasu sukan ɗauki baƙaƙen da suka koya su juya su zuwa harshensu, su rubuta wasiƙa, lissafin kasuwa, waƙa ko laƙanin magani. Wasu kuma har su tsufa ba su taɓa rubuta kalmar Hausa ɗaya ba. Wanda zai ce duka biyun masu karatu ne ya yi kuskuren da ya yi daidai da na mai cewa duk wanda ya shiga kwaleji ya iya.

Binciken da ya fi haskaka wannan batu an yi shi ne a ƙasar Laberiya, tsakanin al'ummar Vai, waɗanda ke da rubutu iri uku a lokaci guda: nasu na gargajiya da ake koya a gida, larabci na makarantar allo, da ingilishi na makarantar gwamnati. Sylvia Scribner da Michael Cole, cikin littafin da suka fitar a 1981, sun gano kowane rubutu yana ƙarfafa gwanintar da ake aiki da ita a cikinsa: masu rubutun Vai sun ƙware wajen tsara bayani ga wanda ba ya nan, domin wasiƙa suke rubutawa; masu allo sun ƙware wajen haddar abu bi da bi; ƴan makaranta kuma sun fi iya irin bayanin da makaranta ke tambaya. Ba su sami wani "karatu" guda ɗaya da ke buɗe kai gaba ɗaya ba. Brian Street, wanda ya zauna a wani ƙauyen Iran cikin shekarun 1970, ya ga yadda waɗanda suka yi makarantar allo ta can suka mai da rubutunsu abin tafiyar da cinikin ƴaƴan itace, suna sa alama a akwatuna suna riƙe littafin bashi, alhali hukuma na lissafa su cikin marasa karatu. Abin da waɗannan ayyuka suka koyar shi ne tambayar "ya iya karatu?" guntuwa ce. Sai an cika ta: da waɗanne baƙaƙe, cikin wane harshe, don yin me.

Nijar ta taɓa sanin amsar

Abin mamaki shi ne ƙasar nan ta riga littattafan nan gwada wannan. A ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gyaɗa ce ke ɗauke da tattalin arziki, ƙungiyoyin manoma na yankunan Damagaram da Maraɗi sun fara karɓar ragamar kasuwanninsu, aka kuma koya wa wakilansu karanta sikeli da cika takardun awo da Hausa. Babu wanda ya buƙaci shirya musu jarrabawa. Ranar kasuwa ita ce jarrabawar: ko lissafin buhuna da kuɗi ya daidaita da yamma, ko bai daidaita ba, kuma kowane manomi da ya kawo kaya mai sa ido ne. Ƙananan jaridun karkara irin su Ganga da Sabon Ra'ayi sun ba sababbin masu karatu abin karantawa da wurin aika wasiƙa, kuma wasiƙar da manomi ya rubuta da hannunsa ta fi kowane maki bayyana inda ya kai. A Kano ma, ajujuwan manya da aka buɗe daga 1980 sun taimaka wajen samar da dubban mata masu sayen littattafan hikaya, har wasunsu, irin su Balaraba Ramat Yakubu, suka zama marubuta. Babu ƙididdigar da ta hango wannan. Masu shagon littafi ne suka fara gani.

A 2009 da 2010 an yi wani gwaji a ƙauyukan jihohin Doso da Damagaram, ƙarƙashin jagorancin Jenny Aker da abokan aikinta. An koyar da manya karatu da lissafi da Hausa da zabarmanci, sai a wasu ƙauyukan aka ƙara koya musu aiki da ƙaramar wayar salula. Waɗanda suka sami wayar sun fi sauran maki, kuma bayan an rufe aji sun fi riƙe abin da suka koya, musamman lissafi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: sun sami abin yi da baƙaƙen. Wannan ya tona wani raunin jarrabawar ƙarshen zango, wadda ke auna mutum a ranar da ya fi kowace rana sani. Karatun da ba a aiki da shi yana zubewa, kuma ma'aunin da bai koma bayan shekara ɗaya ko biyu ya sake dubawa ba, rabin labari ya bayar. Yau kuma saƙon murya na WhatsApp ya rage wa mutane da yawa tilascin rubutu, abin da masu shirya ajin manya ba za su iya kau da kai daga gare shi ba.

An yi ƙoƙarin gyara tiyar daga sama. Cibiyar ƙididdiga ta UNESCO ta ƙaddamar da shirin LAMP a 2003, Nijar na cikin ƙasashen farko da aka gwada shi, da faransanci da wasu harsunan ƙasa. Maimakon layi guda, yana jera mutane mataki-mataki, yana kuma bambanta karanta labari da karanta takardar aiki da lissafi. A 2011 shirin RAMAA ya haɗa Nijar da Burkina Faso, Mali, Maroko da Senegal don auna abin da manya ke fita da shi daga ajujuwansu. Daga ƙasa kuma, ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fara a 2005 tura ƴan sa kai gida-gida suna gwada yara gaban iyayensu, har da waɗanda ba sa zuwa makaranta. Senegal ta ɗauki wannan salo da sunan Jàngandoo, inda ake gwada yaro da faransanci ko da larabci. Amfanin wannan hanya ta ƙarshe shi ne uba yana gani da idonsa, ba sai an fassara masa rahoto ba.

Malamin aji da ƙungiyar unguwa ba sa buƙatar jiran irin waɗannan manyan shirye-shirye. Abin da za su auna yana kewaye da su: karnen rigakafin yaro, rubutun jikin kwalbar maganin ƙwari, rasidin kanti, saƙon da ke shigowa waya bayan an turo kuɗi, takardar gayyatar taron iyaye. A miƙa wa mutum ɗaya daga ciki a tambaye shi ranar komawa asibiti, ko cokali nawa za a zuba. A ce ya rubuta wa ɗan'uwansa da ke ci-rani layi uku, da baƙaƙen da ya ga dama, sannan a ba wani ya karanta a ga ko saƙon ya isa. A ajiye kayen yaro na farkon shekara a gwama shi da na ƙarshe. Za a ce irin wannan awo ba ya ba da damar kwatanta Tawa da Difa, kuma malami na iya yi wa ɗalibansa sassauci. Haka ne, shi ya sa ba zai maye gurbin gwajin ƙasa ba. Amma gwajin ƙasa yana zuwa ne bayan shekaru, a kan samfurin makarantu, kuma ba ya gaya wa mushe kome game da yarinyar da ke zaune a layi na uku.

Akwai kuma iyakar da ya kamata a kiyaye, don kada kalmar ta faɗaɗa har ta rasa ma'ana. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da suka fara a yankin Maraɗi a 1991, sun tafiyar da ajiya da bashi shekara da shekaru bisa hadda da shaidar ƴan ƙungiya, ba tare da littafi ba. Wannan gwaninta ce babba, ta cancanci a yaba ta da sunanta, amma ba karatu ba ce, kuma kiranta karatu zai zama hanyar hana matan abin da suke da haƙƙin samu. Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, ya tsara Imfiraji da ka wasu suka rubuta. Babu mai hankalin da zai kira shi jahili, kuma babu katin gwajin da zai karanta.

A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Matakin ya jawo muhawara, musamman daga masu magana da sauran harsuna, kuma muhawarar tana da hujja. Ta fuskar awo dai ya ɗora wani aiki a kan masana. Boko yana da ƙa'idojinsa, waɗanda aka fara tsayarwa a taron Bamako na 1966 aka kuma sabunta a 1999. Ajami ba shi da tsari guda: malamin Damagaram da na Ƙonni na iya rubuta ɓ ko ts ta hanya daban-daban, kuma yunƙurin daidaita shi da aka yi daga waje bai shiga hannun masu rubutu da warashi ba. Kafin a iya miƙa wa dattijo kati na ajami a ce ya karanta, sai an zauna da alarammomi da masana harshe na jami'a da ma'aikatan INDRAP an yarda a kan jimlolin da za a rubuta, da hannun da za a rubuta su, da kuma wanda zai horar da matasan masu bincike, waɗanda da yawansu ba sa iya karanta katin da za su miƙa.